Mutumin da Amani Ya Tarar a Gaba Huɗu

Amani mai ginin rijiya bai taɓa yarda da magana don kawai babba ne ya faɗe ta ba, kuma wannan hali ne ya sa ake ta tashi a bar masa inuwa tun yana saurayi har ya yi furfura. A Garin Kawu aka haife shi, ɗan ƙauye mai gidaje talatin da ɗoriya a gefen Gulbin Kaba, tsakanin Mayahi da Issawane. Wanda bai san wurin ba, in ya ji an ce gulbi sai ya zaci ruwa. Kwari ne kawai mai faɗi, cike da rairayi da goriba. In damina ta yi kyau ruwa yakan kwanta nan da can na ƴan makonni, awaki su sha, ya ƙafe.

Wurin ƙanen ubansa, Inusa, ya koyi sana'a. Inusa mutum ne mai haƙuri, amma Amani ya kusa ƙarar masa da shi. Wata rana suna gina wata rijiya, Amani yana ƙasa, sai dagi ya bugi wani abu mai tauri. Ya tono shi: baƙin dutse ne mai santsi, kai ɗaya kauri, kai ɗaya kaifi. Da aka jawo shi sama, Inusa ya ja da baya yana salati, ya ce gatarin aradu ne, shi ne ke faɗowa daga sama in tsawa ta fashe, kuma a kai shi rumbun mai rijiyar a ajiye cikin iri don albarka. Kowa a ƙasar nan haka ya sani.

Amani ya juya dutsen a hannu, ya shafa bakinsa da babban yatsa. Ya ce, "Baba, aradu na wasa wuƙa? Dubi nan. Wani ya zamna ya goga wanga abu bisa dutse har ya gaji."

Inusa ya ce ya rufe masa baki. Bai rufe ba. Ya sari reshen aduwa, ya tsaga kansa, ya cusa dutsen, ya ɗaure da jijiyar raƙumi, ya je gaban jama'a ya sare wata sabara da shi. Ya daɗe yana sara, don gatarin ba na gaggawa ba ne, amma sabarar ta faɗi. Mai rijiyar ya fusata ya ce an ɓata masa albarka, Inusa ya yi kwana uku ba ya yi wa ɗan wansa magana, shi kuwa Amani ya riƙe gatarinsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne tambaya guda: wane ne ya yar da gatarinsa a nan, har ƙasa tsawon gaba uku ta hau kansa?

Daga ranar ya tsiri wata ɗabi'a da ba a san wani magini da ita ba. Kowa in yana gina rijiya ƙasar da aka fitar wuri ɗaya ake jibge ta. Amani ya ce a'a. Ƙasar gaba ta farko tarinta daban, ta biyu daban, ta uku daban, a jere kewaye da bakin rijiyar. Masu jan igiya sun tsani wannan aiki, don sai an yi ta zagaye da kwando ana tambaya, "Wanga na ina ne?" Da la'asar in ya fito, maimakon ya wanke jiki ya nemi fura, sai ya tsuguna gaban tarin nan yana murza ƙasa da yatsu. Cikin shekaru ya tara abin da ya cika tsohuwar taska: tsingaron tukwane masu zanen da babu macen da ke yin irinsa yanzu, duwatsun niƙa da suka lotsa don aiki, kan kibiya na dutse, da ƙayar kifi. Ƙayar kifi fa, wata kaurinta ya kai yatsa, a ƙasar da in kana son kifi sai busasshe, ran kasuwa, daga kudu.

Amfanin jerin nan shi ne ya koyi karanta ƙasa. Ya gane cewa duk inda ya ratsa baƙar laka mai ƙayar kifi, ya bi ta da farin yashi mai tsakuwa, to ruwa yana ƙasa, ba makawa. Rijiyoyin da ya gina daga ƙauyukan Mayahi har zuwa na Tasawa sun haura arba'in, uku kawai suka ba shi kunya. Saboda haka mutane suka haƙura da bakinsa. Ana kiransa, ana ba shi goro, ana kuma roƙon Allah kada ya fara labari.

Ai kuwa sai ya fara. Da farko abin da yake cewa mai sauƙi ne: an yi mutane a nan kafin mu, gulbin nan ya taɓa cika da ruwa, sun kama kifi, sun niƙa hatsi, ba su san ƙarfe ba. Daga baya labarin ya yi rassa. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa a ƙasan rami, yana ɗaga kai yana ganin sama kamar faifai, tunaninsa ba ya zama irin na kowa. Amani ya ce in rijiya biyu suna kusa da juna, wanda ke cikin wannan ba ya ganin wanda ke cikin waccan, kowa da nasa faifan sama, alhali tsakaninsu taku biyar ne. To haka duniya take. Akwai wani Garin Kawu manne da namu, inda gulbi bai mutu ba kuma mutanen farko ba su ƙare ba. Har yau suna can, masu faɗin ƙirji, masu gajeren wuya, suna sassaƙa jirgi da gatarin dutse. Tasawa a can tsibiri ce. Mayahi kuwa ƙarƙashin ruwa take, sai kan goriba ake gani. Ya ce wani lokaci in ya kai ƙasa sosai, ya kara kunne jikin bango, yakan ji daka, da wani abu kamar ruwa yana tafiya.

Liman Ɗan Malam ya kira shi ya ce ya ji tsoron Allah. Amani ya durƙusa da ladabi, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah gafarta malam, wanda ya yi guda, biyu ta gagare shi?" Liman ya ce ba ta gagare shi ba, amma ba a faɗa mana ba. Amani ya ce shi ma ba a faɗa masa ba, tonowa ya yi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa gajiya da shi ba, ita ce matarsa Biba, doguwa mai ƙarancin magana. Allah bai ba su haihuwa mai rayuwa ba. Ba ta taɓa cewa ta yarda da wancan gari ba, ba ta kuma taɓa cewa ƙarya ne ba. In ya cika ta da labari sai ta ce, "To, su can ɗin sun ci tuwo? Mu dai namu ya huce."

Farin farkon shekarun saba'in ya zo ya kwashe shanu, sojoji suka karɓi mulki, Garin Kawu ya rame amma bai tashi ba. Na 1984 shi ne ya zo da niyyar gamawa da su. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin a kai ga lokacin da ake girbi a shekarar arziki, mata sun fara jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, ana sheƙe ƙarangiya ana neman ƙwayarta. Sai tsohuwar rijiyar gari, wadda ke kan tudu tun zamanin Kawu, ta koma ba da laka. Yunwa ana iya zama da ita wata da watanni. Ƙishirwa ba ta ba da wannan dama.

Maigari Maikuɗi ya dawo daga Mayahi da saƙo. An turo wani kwamanda mai kula da rabon taimako, kuma ya ce ba za a yi ta bin ƙananan ƙauyuka da kamiyo, wato motar kaya, ba. Duk garin da ba shi da ruwa, mutanensa su tattara su koma sansanin da aka kafa kusa da babbar hanya, can za a ba su jar dawa. An ba Garin Kawu kwana arba'in.

Amani ya san sansani. Ya ga na wancan fari, ya ga yadda ake shiga da yara biyar a fito da biyu. Ya miƙe a gaban maigari ya ce, "Ba mu tahiya ko'ina. Ku ba ni mutum shida da igiya, in ba ku ruwa kahin kwana arba'in."

Aka tambaye shi ina zai gina. Ya kai su cikin kwarin, wani lungu da gulbin ya yi gwiwa, inda tsofaffi ke cewa kada a bar yara su yi wasa da tsakar rana. Aka yi ta gunaguni. Amma wanda ke da wata dabara ya faɗa, babu. Aka ba shi mutum shida.

Gina rijiya a rairayi aikin wahala ne, ana tonowa yana zubowa, sai an bi bango da itace da ciyawa ana ɗaurewa. Mutanen kuma ba su da ƙarfi, kwando ɗaya sai biyu sun kama. Duk da haka bai sassauta musu ba, kowace gaba da tarinta. A gaba ta uku baƙar laka ta fito, da ƙayar kifi a ciki, Amani ya turo ta sama a ƙwarya yana ihu daga ƙasa cewa su shirya tuluna. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, a gaba ta huɗu, masu jan igiya suka ji dagi ya yi shiru. Suka leƙa. Amani yana durƙushe yana share ƙasa da tafin hannu, a hankali, kamar mai shafa kan jariri.

Mutum ne. Yana kwance a gefensa na dama, ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci. Ƙasusuwan sun yi baƙi sun yi nauyi kamar dutse. A wuyansa akwai ƴan duwatsun ado da aka huda, kusa da kansa kuma ƙaramar tukunya a kife. Haƙoransa duka suna nan, sun cinye har sun yi lebur. Shekara talatin Amani yana tara kayan mutumin nan, gatarinsa, tukunyarsa, ragowar abincinsa, yau ga shi ga mai kayan. Hawaye suka zubo masa. Ya yi masa sallama da ƙarfi, har na sama suka ji.

Da mai wayo ne, da ya tura ƙasusuwan cikin bango ya toshe da laka, ya ce dutse ya tarar. Ba wanda zai sani har abada. Amani ba shi da irin wannan wayo, kuma ko da yana da shi ba zai yi ba. Ya sa aka sauko da kwando, ya jera mutumin a ciki ƙashi bayan ƙashi, ya ce a ja a hankali. Da kwandon ya iso baki, mutum shidan nan suka watse, ɗaya har ya bar takalminsa.

Gari ya taru daga nesa. Wasu suka ce aljani ne, wasu suka ce wani ne aka kashe aka ɓoye. Amani ya fito ya ce ɗan Adam ne, kuma ya riga kowa zama a nan, a yi masa sutura. Liman ya ce ba zai sallaci wanda bai san addininsa ba. Amani ya ce ya ji, wannan hurumin malam ne. Ya shiga ɗaki ya ɗauko farar rigarsa ta sallah, ita kaɗai gare shi, ya naɗe mutumin, ya gina masa kushewa a tudu ƙarƙashin wani gawo, ya kwantar da shi yadda ya tarar da shi, da duwatsun wuyansa da tukunyarsa. Shi da Biba kaɗai suka tsaya.

Suna dawowa Hindu ta tare su. Maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya, mijinta ya tafi kudu neman abinci tun farkon fari ya bar ta da yara uku. Mace ce mai kirki, ta sha aiko wa Biba da miya. Ranar kuwa idonta ya rufe. Ta ce, "Amani, kushewa ka gina muna, ba rijiya ba. Ni ba ni ba ɗiyana ruwan kushewa, ko za su mutu da ƙishi." Abin da ke bakin kowa ke nan, ita ce dai ta fara furtawa.

Washegari ran kasuwar Mayahi ce, Amani ya tafi neman sabuwar igiya, tasa ta fara cinyewa. Labari ya riga shi isa. Aka kewaye shi a rumfar masu igiya ana tsokana, wai mutanensa na wancan gari sun aiko masa da manzo. Wani ya ce, to can ɗin su ma suna da soja? Amani, da ransa yake a ɓace, ya ce suna da su mana. Aikinsu korar dorina daga gonakin shinkafa, in sun kore ta sai su ajiye sanduna su koma gida, ba wanda ya taɓa jin sun ce gari ya tashi. Aka yi dariya, irin wadda ake yi ana waige-waige. Bai kai ga fita kasuwa ba jandarma biyu suka kama shi da igiyarsa a kafaɗa.

Kwamandan saurayi ne, bai kai Amani rabin shekaru ba, da alama kuma ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Yana da taswira shimfiɗe a tebur. An gaya masa akwai wani tsoho da ke yawo yana cewa akwai wata ƙasa kusa inda soja ba sa mulki, yana kuma hana mutane zuwa sansani. Ya ɗora yatsa kan taswirar.

"Bon. Ina ƙasar take? Kudu ko arewa? Kilomita nawa daga nan?"

"Ba ta da nisa, ranka ya daɗe. Nan take."

"Nan ina?"

"Inda kake zamne. Kujerarka cikin ruwa take, ya kai gaba biyu. Yanzu haka ƙila kihi na wucewa ta wurin kunnenka."

Jandarman da ke bakin ƙofa ya juya fuska bango. Kwamanda ya buga tebur, ya tambayi wanda ya aiko shi da wanda yake ba shi waɗannan maganganu. Amani ya ce wani mutum ne da ya tarar a gaba huɗu, amma bai faɗi sunansa ba. Kwamanda ya ce, to, ga hanya mai sauƙi: a kai shi tsakiyar kasuwa ya ce duk ƙarya ce ya shirya, ya kuma gaya wa mutanen garinsu su bi umurni, sai ya tafi gida.

Amani ya san kowace rana a nan rana ce da aka cire daga arba'in ɗinsa. Duk da haka ya ce, "Wancan gari ban gan shi da ido ba, wanga zan iya hwaɗi ko'ina. Amma mutumen na ɗauke shi da hannuna. Ƙayar kihi tana cikin taskata. Ruwa kuma yana ƙarƙashin ramin nan, gaba biyar suka rage. In ce ma mutane su tahi su bar shi, ba ni iyawa."

Kwana tara ya yi a kulle a kaso. Kowace safiya a fito da shi a yi masa tambayar, kowace safiya ya ba da amsar jiya. A rana ta tara kwamanda ya gaji, ga dubban bakuna suna jiransa a waje, ya rubuta a takarda cewa tsohon taɓaɓɓe ne, a sake shi. Amani ya ce ya gode, a ba shi igiyarsa. Sai da aka nemo ta ya fita.

Da ya iso gida ya tarar an yanke shawarar cike ramin, har an zuba ƙasar tari biyu a ciki. Abin da ya hana a ƙarasa shi ne Biba. Tun ranar da aka fara ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a bakin ramin, ta zauna ta saki ƙafafu ciki, ta ce duk mai son zuba ƙasa ya zuba da ita. Kwana shida tana nan daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Da ta hango shi ba ta tashi ba, ta ce, "Ka daɗe. Sun haɗe maka ta biyu da ta ukku."

Ba wanda ya dawo jan igiya. Amani ya kafa gwafa biyu da gungume a kai, ya sauka, Biba ta ja. Mace ba ta jan ƙasar rijiya a ƙasar nan, an yi ta faɗa, ita kuwa ba ta ko ɗaga kai ba. Rabin kwando take iya ja, don haka rabin kwando yake cikawa. Tafin hannunta ya tsage, ta naɗe da tsumma. Suka kwashe abin da aka zuba, suka wuce inda mutumin ya kwanta, suka shiga farin yashi mai tsakuwa. Saura kwana uku wa'adi ya cika, a gaba ta tara, yashin ya yi sanyi, sannan ya yi duhu, sannan ruwa ya fara tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafarsa.

Ya bari ya kwanta ya tace, ya cika guga, ya hau da shi har dandalin gari. Ya ɗiba a ƙwarya ya sha a gaban kowa, ya ba Biba ta sha. Ruwa ne garau, mai daɗi, babu ko gishiri. Ya miƙa ƙwaryar. Hannu ko ɗaya bai miƙo ba.

A nan dole a yi wa Ɗan Malam adalci. Ya tashi ya ce a shari'a ruwan nan tsarkakakke ne, busasshen ƙashi da aka ɗauke gaba biyar sama da ruwa ba ya ɓata shi, wanda ya sha bai yi laifi ba. Amani ya ce, "To bisimilla, malam," ya miƙa masa. Liman ya dubi ƙwaryar, ya dubi jama'a, ya ce yau yana azumin nafila. Maigari ya ce shi ba ƙin ruwan ya yi ba, amma ko an sha, me za a ci? A sansani aƙalla akwai dawa. Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ta ba kowa mafita, ba sai ya ce tsoron matacce yake ji ba.

Amani ya yi musu faɗan da bai taɓa yi ba. Ya ce da ruwa ana iya shuka rogo da kabewa a kwarin, ana iya riƙe awaki, ana iya aika maza su karɓo dawar su dawo. Ya ce mutumin da suke gudu ya sha ruwan gulbin nan tun kafin a san sunan kakansu, bai kuma ce su tashi ba. Ya kira su matsorata, har da maigari, har da liman. Ba abin da ya canza. Ran da kamiyo ya zo suka hau da tabarmi da tukwane. Hindu ta ɗora yaranta uku, ba ta dubi gidan Biba ba. Jandarma ya ce saura mutum biyu a lissafi, maigari ya ce a bar su, mai takardar hauka ne da matarsa.

Wata bakwai suka yi su biyu a garin da babu ko kukan jaki. Suka shuka kabewa da yakuwa da ɗan rogo kewaye da rijiyar, suka kare da ƙaya. Sun ci anza har jikinsu ya saba. Makiyayan da ke gangarowa daga arewa da ragowar dabbobinsu suka gano wurin. Amani ba ya barin kowa ya sha sai ya gaya masa abin da aka tarar a ramin, su kuwa sai su ce Allah ya ji ƙansa, su kafa kai. Wani ya bar musu akuya mai nono. Kullum da rana Amani yana bi gida gida yana gyara dangar da ta faɗi, yana kore gara daga rumbunan da babu komai ciki, yana kuma shirya maganar da zai faɗa musu ran da suka dawo. Ya tsara ta tsaf, ya sha maimaita wa Biba. Magana ce mai zafi, kuma duk gaskiya ce.

Da ruwan farko ya sauka suka fara dawowa, a ƙasa, ƙungiya ƙungiya. Ba su kai yadda suka tafi ba. Ƙyanda ta shiga sansanin, zawo ya bi bayanta. Tsohuwar rijiyar tudu har yanzu laka ce. Ba a yi taro ba, ba a nemi fatawa ba, mata dai suka ɗauki tuluna suka gangara kwari, kowace idonta a ƙasa. Amani yana zaune a bakin rijiyar yana kallonsu, maganarsa tana nan a baki, yana jiran wadda za ta fara ɗaga kai.

Hindu ce ta zo ƙarshe, da hantsi, bayan sauran sun watse. Babbar ƴarta kaɗai ke bayanta. Ta ajiye tulu, ta zura guga, ta ja, ta ba yarinyar ta sha, ita ma ta sha. Ta cika tulun. Ba ta ɗauka ba, ta tsaya tana murza bakin zanenta.

"Amani."

"Na'am."

"Wancan garin naka. Inda gulbi bai mutu ba. Ɗiyana suna can?"

Ga wurin maganarsa ya zo, daidai yadda ya tsara ta wata bakwai: a can ai kun sha ruwan tun ranar da na kawo shi dandali, ba wanda ya tahi sansani. Ya buɗe baki. Ya dubi wuyanta da ya zama kamar kara, ya dubi yarinyar da ke riƙe da zanenta da hannu biyu.

"Suna can, Hindu," ya ce. "Su biyun duka. Ƙaramin ma ya iya iyo, sai an yi da gaske ake hiddo shi daga ruwa."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Haka yake, ba ya jin kira," ta ce. Biba ta taya ta ɗora tulun, ta kama hanyar tudu, yarinyar na bin ta.

Amani ya zauna har suka ɓace cikin goriba. Sannan ya tashi ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ce wa Biba ta riƙe masa, zai sauka ya yashe rijiyar, yashi ya taru a ƙasa. Biba ta san jiya-jiya ya yashe ta. Ta naɗe igiyar a hannu ta kafa ƙafa.